Har da BVN da sunan surukai? Muhawara kan fom ɗin shiga kwamfutar sojoji

Nura Kubwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema, don abin ya tsaya min a rai tun da rana. Kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangilar gyaran layukan sadarwa da kula da kwamfutoci a wani ofishin tsaro a nan Abuja, kuma ina cikin mutum huɗu da aka ware. Aka ce kafin a buɗe mana hanyar shiga na'urorinsu sai kowa ya cike fom. Ni na ɗauka suna ne da lambar waya da hoto. Ina buɗewa sai ga shafi shida. NIN, BVN, duk gidajen da na zauna cikin shekara goma, sunan mahaifi da mahaifiya da garinsu, sunan matata da na iyayenta, ƙasashen da na taɓa zuwa, sunayen da nake amfani da su a Facebook da X, mutum biyu masu tsaya min, sannan ranar Litinin a je a ɗauki zanen yatsu goma. Ni fa waya zan ja in saita na'ura, ba auren 'yar janar na je nema ba. Dama haka tsarin yake, ko an wuce gona da iri?

Ɗan Terminus: Wa alaikumus salam. Ai ka ci sa'a ba su tambayi sunan ungozomar da ta yanke maka cibiya ba.

Malam Isiyaku: Kafin a yi nisa, don Allah kada wanda ya ɗora hoton fom ɗin a nan, kuma kada a kama sunan ofishin ko na kamfanin. Mun haura mutum ɗari biyu a zauren nan, ba kowa na san fuskarsa ba. Bismillah, a ci gaba.

Baba Samanja: Nura ɗana, barka da yamma. Shekara talatin da ɗoriya na yi a sashen sadarwa kafin in ajiye kaki, daga Jos zuwa Maiduguri zuwa nan, don haka bari in faɗa maka yadda mu muke kallon abin. A bariki ba a ba soja bindiga da fatar baki. Za ka je ma'ajiyar makamai, a rubuta lambarka ta aiki, a rubuta lambar bindigar, a ƙirga harsasai a gabanka, ka sa hannu. In harsashi ɗaya ya ɓata an san ƙofar wanda za a buga. To kwamfutar da za ka taɓa, wallahi wani lokacin ta fi bindigar haɗari. Bindiga ɗaya mutum nawa za ta kashe? Amma takarda ɗaya da ke nuna ranar da ayarin motoci zai tashi da hanyar da zai bi, in ta faɗa hannun da bai dace ba, yara nawa za a binne? Kai da kake cewa waya kawai za ka ja, mai jan waya shi ne ya san ta ina komai ke wucewa. Ba raina ka aka yi ba, a'a, matsayinka ne ya kai a tambaye ka.

Nura Kubwa: Na gode Baba, na gane wannan. To amma surukaina fa, me ya kawo su ciki?

Baba Samanja: Da ɗan gari kan ci gari. Mai son sirrin soja ba ya zuwa bakin get ya yi sallama. Zai nemi wanda bashi ya shaƙe, ko wanda ƙanin matarsa ke hannun wasu, ko mai wani abin kunya da yake ɓoyewa. Masu tantancewa ba laifi suke nema a jikin surukanka ba, igiyar da za a iya jan ka da ita suke dubawa. Mu ma an yi mana, har ƙauyenmu aka tura mutum ya tambayi mai unguwa.

Injiniya Kabiru: Maganar Baba haka take, kuma ba a nan kaɗai ake yi ba. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da fom na musamman don wannan, DD 2875. Ko soja ne kai, ko farar hula, ko ɗan kwangila, sai ka cike shi kafin a buɗe maka akawun. A ciki akwai sunanka, lambar shaidarka ta ma'aikatar, sashen da kake, ƙasarka, ranar da ka yi horon tsaron kwamfuta na shekara, da dalilin da ya sa kake buƙatar shiga. Shugabanka zai sa hannu, jami'in tsaro zai tabbatar an bincike ka, mai kula da bayanan shi ma ya amince. Bayan haka akwai katinsu mai ƙwaƙwalwa, CAC, da ake zurawa a kwamfuta a buga lambar sirri, in ka kuskure sau uku ya kulle kansa. Ka zare katin, kwamfutar ta rufe.

Amma ka lura da wani abu, Nura. Wancan fom ɗin gajere ne. Dogon, mai tambayar gidaje da dangi da bashi da tafiye-tafiye, daban yake, sunansa SF-86, ya haura shafi 100, kuma ba hannun mai buɗe akawun yake zuwa ba. Masu bincike ne ke riƙe da shi. Mai buɗe akawun abin da ke isa gare shi kawai shi ne "an tantance wane, ya wuce". Naka kamar an haɗa biyun ne wuri guda. Wa za ka miƙa wa in ka gama?

Nura Kubwa: Yawwa, abin da ya fi damuna ke nan ban faɗa ba. Mai kula da ma'aikata na kamfaninmu ya ce kowa ya cike, ya ɗauki hoton shafukan da na katin NIN, ya tura masa ta WhatsApp yau da dare, shi zai kai a buga a shagon buga takardu gobe ya haɗa ya kai musu.

Injiniya Kabiru: Innalillahi. Kada ka tura.

Ɗan Terminus: Kai! Ana wata ga wata.

Injiniya Kabiru: Da gaske nake, kada ka tura. Tun ɗazu muna ta muhawara a kan ko tambayoyin sun yi yawa, ashe matsalar tana wani wuri. Ka dubi tafiyar da takardar za ta yi. Daga wayarka zuwa wayar mutumin nan, wadda ƙila yaransa ke wasa da ita da daddare. Daga nan ta kwafi kanta zuwa ma'ajiyar Google ɗinsa. Gobe ya tura wa yaron shago, yaron ya sauke a kwamfutar da kowa ke amfani da ita, ya buga, wadda ta fito ba kyau ya jefa a kwali, mai ƙosai ta saya. Kuma ba takardar kowa ba ce, takarda ce da ke cewa ga mutum huɗu da za su riƙe mabuɗin kwamfutocin wani ofishin tsaro, ga gidajensu, ga matansu. In ni ne mai neman ɓaraka, wannan jerin zan fara nema, ba sai na wahalar da kaina da kutse ba.

Barista Hauwa: Sannunku. Yanzu na fito daga cunkoson AYA na ga saƙonni sun taru. Nura ƙanena, bari in raba maka maganar gida biyu, don ana yawan cakuɗa su.

Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ce ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sashe na 3 ya ɗauke wa hukumomin da abin ya shafa wasu nauye-nauye idan aikin na tsaron ƙasa ne. Da yawa daga nan suke tsayawa su ce ai shi ke nan, soja ba ruwansa da dokar. Ba haka ba ne. Sashen da kansa ya bar wasu wajibai a kansu, ciki har da sashe na 24, wanda ya ce a karɓi iya abin da ake buƙata, don manufa sananniya, kada a riƙe fiye da lokacin da ya kamata, kuma a tsare shi. Haka sashe na 40, mai cewa in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da NDPC cikin awa 72. To wannan ga ofishin tsaron ke nan.

Kamfaninku kuwa ba hukumar tsaro ba ne. Don ya samu kwangila ba ya nufin ya sa kaki. Zanen yatsa a dokar yana cikin bayanai masu tsananin muhimmanci. Kana da damar tambaya cikin ladabi: wa ke karɓa, don me, ina za a ajiye, kuma in kwangila ta ƙare me za a yi da su. Babu wanda zai ce ka yi laifi don ka tambaya.

Ɗan Terminus: Barista, Allah ya ƙara basira, amma a takarda ke nan. A Najeriya mutum ya samu aiki da kyar, ya tsaya yana tambayar oga "ina za ka ajiye"? Gobe a ce ya zauna a gida, akwai mutum hamsin a layi. Kuma mu daina yaudarar kanmu, wane sirri ya rage? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito da shafukan da ke sayar da bayanan NIN ɗin mutane a kan naira 100. Naira ɗari! Kuɗin ledar fiya wata guda biyu. Mun ba banki, mun ba masu layin waya, mun ba INEC, mun ba masu fasfo. Nura ka tura kawai ka huta, wanda ke ruwa ba ya tsoron yayyafi.

Barista Hauwa: Don an taɓa yi maka sata sai ka cire ƙofar ɗakinka ka jingine? NIN ɗinka shi kaɗai abu ɗaya ne. NIN haɗe da BVN, da adireshin surukai, da bayanin cewa kana da izinin shiga na'urar soja, wannan wani abu ne daban. Haɗuwarsu ce haɗarin.

Maman Ilham: Ni ban san kwamfuta ba, amma maigidana soja ne, yanzu haka yana Arewa maso Gabas, don haka maganar nan a jikina take. Ɗan Terminus, kai kana maganar naira ɗari, mu muna maganar rai. Akwai matar wani abokin aikinsa da aka kira ta a waya, aka faɗa mata sunan mijinta, lambarsa ta aiki, bataliyarsa, har sunan ɗansu na fari, aka ce ya ji rauni a turo kuɗin jini. Ta sayar da ɗan kunnenta ta tura. Mijin yana nan lafiya lau, wurin da suke ne babu sabis. Har yau ba ta san daga ina suka samo bayanan ba. Wannan ma 'yan damfara ne masu neman kuɗi. Ina ga waɗanda ba kuɗi suke nema ba? Mu ma fom nawa muka cike, na asibiti, na makarantar yara, na magada. Duk lokacin da na rubuta sunan 'ya'yana sai gabana ya faɗi.

Baba Samanja: Allah ya dawo da shi lafiya, 'yata. Ya tsare su duka.

Malam Isiyaku: Amin ya Allah.

Injiniya Kabiru: Amin. Abin da Maman Ilham ta faɗa shi ne ɓangaren da masu tsara fom ba sa son tunawa. Duk bayanin da ka tara don tsare ƙofa, shi kansa ya zama dukiyar da sai an yi gadinta. Amurkar da na yaba ɗazu, a nan ta sha ƙasa. A 2015 aka gano an kutsa rumbun bayanan hukumar kula da ma'aikatan gwamnatinsu, OPM, aka kwashe bayanan binciken mutum miliyan 21.5, wato irin dogon fom ɗin nan, har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Shugabar hukumar sai da ta sauka. Kuma ta ina aka shiga? Da bayanan shiga na wani ma'aikacin kamfanin kwangila. Irin kujerar da Nura zai zauna ke nan.

Kalmar sirri in ta fita, minti biyu ka canza. Katin banki a toshe a ba ka wani. Yatsa fa? Guda goma Allah ya ba ka, da su za a binne ka.

Ga na Ingila kuma, wanda babu ma ɗan kutse a ciki. A Fabrairun 2022 wani jami'i ya tura imel bisa kuskure, ɗauke da jerin sunaye da bayanan 'yan Afganistan kusan 19,000 da suka nemi mafaka saboda sun yi aiki da sojojin Birtaniya. Ba a farga ba sai a 2023 da wani ɓangare ya ɓulla a Facebook, kuma kotu ta hana a yi maganar har Yulin 2025. Mutanen nan sun ba da bayanansu ne don a cece su.

Ɗan Terminus: To kun gani. Masu kuɗi da ilimi ma ta fashe musu. Ke nan gara kada a tara ɗin tun farko.

Baba Samanja: A'a, ɗan Jos, nan kuma ban bi ka ba. Bari in ba ku labarin rashin tarawar. A wani ofishi da na taɓa zama, ba zan faɗi ko ina ba ne, lokacin da aka fara kawo mana kwamfuta, akawun ɗaya gare mu mu bakwai. Kalmar sirrin tana rubuce a 'yar takarda an manna a ƙarƙashin tebur. Oga ba ya son wahala, in zai fita sai ya ce wa kofur "buɗe ka tura musu". Wata rana aka wayi gari an sauya wani abu a jadawalin da bai kamata a taɓa ba. Aka tara mu. Wa ya yi? Na'ura ta ce akawun ɗin ofis ne. To waye akawun ɗin ofis? Mu bakwai. Ƙarshenta ƙaramin cikinmu ne ya kwana gadurum, yaron da na tabbata a raina ko kunna ta bai iya sosai ba. Da a ce kowa da sunansa da lambarsa, da yaron nan bai sha wannan ba. Har yau in na tuna shi sai in ji ba daɗi, don ni ma ban buɗe baki ba a ranar.

Shi ya sa nake ce wa Nura, sunanka a kan akawun ba tarko ba ne kawai, garkuwarka ce. Ranar da abu ya lalace, rajistar na'ura ce za ta ce ba ka nan.

Nura Kubwa: Allah sarki. Baba wannan ya shige ni.

Injiniya Kabiru: Da sharaɗi ɗaya, Baba: kada ya ba kowa kalmar sirrinsa, ko da wanda ya ɗauke shi aiki ne. In ya bayar, garkuwar ta koma wuƙa, don duk abin da aka yi da sunansa aka yi. Edward Snowden, wanda ya fallasa takardun sirrin Amurka a 2013, ɗan kwangila ne mai kula da na'urori, kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA da kanta ta tabbatar akwai ma'aikacinta da ya buga tasa kalmar sirrin a kwamfutar Snowden saboda ya yarda da shi. Ma'aikacin nan ya rasa aikinsa. A nan gida kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, ga dokar sirrin gwamnati ta 1962 ba a soke ta ba. "Oga ne ya ce in ba shi" ba ya fitar da mutum.

Barista Hauwa: Ko kaɗan. Wanda sunansa ke rajista shi ake fara kira.

Ustaz Bashir: Salamu alaikum. Ina ta karantawa. Wani ɗalibina ya taɓa yi min irin tambayar nan, wai ba bin diddigin mutane ba ne da Alƙur'ani ya hana a Suratul Hujurat, aya ta 12? Na ce masa a fahimtata akwai bambanci tsakanin leƙen asirin mutum a ɓoye don a tona shi, da tambayarsa a fili kafin a damƙa masa amanar rayukan jama'a. Ko aure za a ba mutum ai ana bincike. Sai dai wanda ya karɓi amsar, shi ma amana ta hau kansa, kuma za a tambaye shi. Wannan rabin ne muke mantawa.

Ɗan Terminus: Ustaz na yarda da wannan. Amma ina da tambaya ga Injiniya. Duk wannan bincike, yana kama ɓarawon kuwa? Wanda zai ci amana ai ba zai rubuta a fom cewa "ina da niyya" ba.

Injiniya Kabiru: Tambaya mai kyau, kuma amsar ita ce fom shi kaɗai ba ya kamawa. Jack Teixeira, yaro ɗan shekara 21 a rundunar sama ta jihar Massachusetts a Amurka, shi ma aikinsa kula da na'urorin sadarwa ne. An bincike shi, an ba shi izini mafi girma. Ya dinga kwasar takardun sirri yana zubawa abokan wasansa a dandalin hira na Discord har aka kama shi a 2023, aka yanke masa shekara 15 a 2024. Abin takaicin, shugabanninsa sun gan shi yana leƙa abin da ba huruminsa ba, sun ja masa kunne, ba su kai maganar inda ya kamata ba. Daga baya aka hukunta mutum 15 a rundunar.

Fom hoton mutum ne na ranar da ya cike. Mutum kuwa yana canzawa, bashi ya hau shi, zuciya ta ɓaci, wani ya hure masa kunne. Abin da ke aiki shi ne a ba kowa iya ɗakin da aikinsa ya shafa, ba mabuɗin gidan gaba ɗaya ba, a samu mai duba rajista da gaske, kuma ranar da mutum ya bar aiki a rufe akawun ɗinsa kafin ya kai bakin titi. Wannan na ƙarshen shi ne ciwonmu. Na sha shiga wuraren da akawun ɗin wanda ya yi ritaya shekara uku, har da wanda ya rasu, yana nan a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan filas, 'yar na'urar ajiye bayanai da ake sokawa a kwamfuta. Nura, ko kyauta aka ba ka a kasuwar wayoyi ta Banex kada ka shiga da shi. A 2008 filas ɗaya da aka soka a kwamfutar sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya ya sa cuta ta bazu har cikin na'urorinsu na sirri, suka shafe sama da shekara suna shara.

Ɗan Terminus: Ni wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Mali. Adireshin imel ɗin sojan Amurka yana ƙarewa da .mil, na ƙasar Mali .ml. Harafi ɗaya ya faɗi, saƙonni suka yi ta kwarara can shekara da shekaru, sai a 2023 labarin ya fito. Duk kati mai ƙwaƙwalwar nan, ɗan yatsa ɗaya ya kayar da su.

Maman Ilham: Kai dai komai abin dariya ne a wurinka.

Ɗan Terminus: Tuba nake, Hajiya. In ban yi dariya ba hawan jini zai kama ni.

Nura Kubwa: To yanzu ya zan yi da mutumin nan? Ya sake turo saƙo wai ni kaɗai ya rage.

Barista Hauwa: Kada ka yi masa gardama, kada ka kawo masa sashe kaza na doka, zai ga kamar kana nuna masa ka fi shi sani. Ce masa ka cike, amma tunda ranar Litinin za ku je ɗaukar yatsa, za ka riƙo naka a ambulan ka miƙa wa jami'in da ke karɓa hannu da hannu. In ya matsa, ka ce tsoro kake kada su can su ga laifin kamfani in suka ji an bi da takardunsu ta WhatsApp. Ka mayar da abin kariya ce gare shi. Kuma gaskiya ce.

BVN ɗin nan kuma ka tambaya a can ko su suka sa shi. Zai yiwu suna duba bashi da shige da ficen kuɗi, wannan sananne ne a tantancewa. Zai kuma yiwu wani ne ya ƙara layin don biyan albashi.

Baba Samanja: Ka ƙara da wannan. Masu tsaya maka, ka kira su ka nemi izini kafin ka rubuta sunansu, kada a buga musu waya su ce ba su san zancen ba. Kuma kada ka ɓoye komai. In ka taɓa zuwa Nijar biki ko Kamaru sayayya, rubuta. Ba zuwan ne ke kayar da mutum ba, ɓoyewar ce. Kuma daga yau ka daina faɗa wa mutane inda za ka yi aiki, har a majalisar mai shayi.

Nura Kubwa: In sha Allahu Baba. Na gode muku duka, sai na dawo.

Malam Isiyaku: Allah ya ba da sa'a. Masu tallan fili a Kuje kuma don Allah a bari sai Asabar, ranar talla ke nan.

Nura Kubwa: Salam jama'a, na dawo da rahoto. Mun je yau. Na miƙa ambulan ɗina ga jami'in da hannuna, ya rubuta a littafi na sa hannu. Da ya ga na sauran ukun an bugo su daga hoton waya, har da inuwar yatsan mai ɗauka a gefe, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tambayi inda aka buga, ya sa aka kira mutumin namu, ban san me suka tattauna ba amma ya fito yana share gumi. Shafin BVN ɗin kuwa Barista kin canka, ba nasu ba ne, kamfani ne ya liƙa shi a baya. Nasu shafi biyar ne.

Ɗan Terminus: To su ukun fa, nasu da ke kwamfutar shago?

Nura Kubwa: An ce a je a goge. Ko an goge, Allah masani.

Injiniya Kabiru: Ihu bayan hari. Ka ce musu su sa ido a kan asusun bankinsu, kuma duk wanda ya kira su yana karanto musu bayanansu daidai, kada wannan ya sa su yarda da shi.

Barista Hauwa: Ka tambayi abin da za a yi da zanen yatsun in kwangila ta ƙare?

Nura Kubwa: Na tambaya, Anti. Ya ɗan kalle ni, ya ce akawun ɗin dai ranar da muka gama za a rufe, wannan a rubuce yake. Na yatsu kuwa ya ce ba a taɓa yi masa tambayar ba, sai ya ji daga sama. Ni ma ban gama ba, na'urar ta ƙi karɓar babban yatsana na dama saboda yankan da waya ta yi min makon jiya. An ce in koma Alhamis in ya warke.

Maman Ilham: In ka koma ka sake tambayarsa. Ni ma ina son jin amsar.